Fenta da Hancin Aro

Ƙararrawar gobara ta benen tana ta ƙwala ihu lokacin da Fenta ya buɗe ƙofarsa. Hayaƙi ne ya riga shi fitowa, baƙi wuluk, ya bi matattakala ya yi sama.

"Ba gobara ba ce!" ya ce, yana kaɗa hannuwa. "Jama'a, kowa ya kwantar da hankalinsa, ƙamshi ne!"

Bai rufe baki ba ruwa ya same shi a ƙirji. Maƙwabciyarsa ce, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti da duk benen ke kira Anti Nas, tsaye da bokiti a hannu, ɗankwali a karkace. Ta ture shi gefe ta afka falon tana tari. Kyandirori ne ko'ina, ja da kore da shuɗi, a kan tebur, a kan talabijin, a bakin taga, kowanne da dogon harshen wuta yana aman baƙin hayaƙi. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kifa musu faranti. Da ta je buɗe taga sai ta tarar an bi gefunanta da salatif an liƙe. Ƙasan ƙofa ma an cusa tsumma.

"Kai, ɗan nan, kashe kanka ka zo yi?"

"Haka ake yi, Anti. In za a fesa mota sai an toshe ko'ina, kada iska ta ɓata aiki."

"Wannan mota ce?"

"Ƙa'idar ai ɗaya ce."

"To wannan tulin fa? Shago za ka buɗe?"

Fenta ya matse rigarsa, ya yi mata bayani a natse, irin yadda yake yi wa masu motoci a gareji. Shafi ɗaya ba ya rufe tsohon fenti. Don haka ya fara kunna korayen a matsayin shafin ƙasa, da ya ga sun kama ya bi da jajayen, shuɗayen kuma na ƙyalli ne, na ƙarshe. Jiya ya saye su a teburin wani mutum a bakin tasha. Ya zaɓa da kyau, ya ɗaga kowanne a rana, ya shafa da tafin hannu, bai ɗauki mai gargada ko ɗaya ba.

"Ka shinshina su?" in ji Anti Nas.

"Sosai ma. Kai, ba dama!"

Ta yi masa wani kallo. Daga ƙasa mai gadin benen ya ɗago murya yana cewa ya kashe ƙararrawar, kuma ya riga ya buga wa mai gidan haya waya. Ba wanda ya kula shi.

Abin da ya jawo duk wannan ba ɓoyayye ba ne a benen. Matar Fenta, wadda yake kira Gimbiya, tana da cikin fari. Tun da cikin ya shiga hancinta ya zama abin tsoro, tana kwance a ɗaki za ta faɗa maka abin da ake soyawa a hawa na ƙasa. Shi kuwa Fenta sana'arsa fesa wa motoci fenti. Da ya sa makulli a ƙofa sai ta ruga banɗaki. Ta rame, ta yi zuru-zuru. Ran nan mahaifiyarta, Umma, ta zo ta tsaya a tsakiyar falo, ta ja numfashi sau ɗaya, ta ce 'yarta ba za ta sake kwana a gareji ba. Ta haɗa mata kaya suka tafi.

Wata da watanni yana sintiri yana ban haƙuri, har Umma ta sassauta. Yau da la'asar za su zo. Sharaɗinta guda ne: ita za ta fara shiga, in hancinta ya ji ko burbushin warin fenti, Gimbiya ba za ta ajiye jaka ba, za ta koma da ita, sai jaririn ya fara tafiya da ƙafarsa ya zo ya ga ubansa.

Matsalar ita ce Fenta ba ya jin wari, ba ya jin ƙamshi. Shekarun feshi da tina, ruwan nan da ake sirka fenti da shi, sun kashe masa hanci murus. Yana ganin ba wanda ya sani. Duk wanda ya ce masa "ka ji ƙamshin nan?" sai ya lumshe ido ya ce "kai, ba dama!"

Ya ɗaga kai, sai ya ga silin. Saman teburin ya yi baƙi kamar gindin tukunya.

"Wannan mai sauƙi ne," ya ce. "Ina da ragowar farin fenti a ƙarƙashin gado, yanzu na shafe."

Anti Nas ta ajiye farantin a hankali. "A ƙarƙashin wane gado?"

"Namu mana. Gwangwanaye kaɗan ne, da jarkar tina. A gareji sacewa ake yi."

Ta nemi kujera ta zauna.

"Ɗan nan," ta ce, "ranar da gas ya zube a kicin ɗina, na kira ka na ce ka ji abin da nake ji? Me ka ce mini?"

Fenta ya sunkuyar da kai.

"Ka ce kai, ba dama, Anti, me ake dafawa. Duk benen nan mun san hancinka ado ne kawai. Ɗauko makulli. Ka bar tagogi a buɗe, ka taɓa fentin nan na karya maka hannu, na san inda ake karyawa."

A cikin bas mutane suka yi ta zuge gilasai. Wani dattijo ya tashi daga kusa da Fenta ya gwammace tsayuwa. Fenta ya ɗauka girmama Anti Nas ake yi.

Shagon da ta kai shi ɗan siriri ne, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da labule. Kantoci cike da kyandirori a kofunan gilashi, kowanne da murfinsa. Mai shagon tana zaune kan doguwar kujera, ciki ya turo gaba, tana riƙe da ɓarin lemon tsami kusa da hanci. Fenta na sa ƙafa ɗaya ta miƙe zumbur.

"Malam, tsaya nan! Koma baya. Ƙara. Yauwa, bakin ƙofa."

"Kyandir na zo saye, Hajiya."

"Daga nan ma ana ciniki. Me ka yi wanka da shi, fetur?"

Anti Nas ta tafa hannu. "Alhamdu lillahi! Irin hancin da muke nema ke nan."

Ta zayyana mata komai, har da shafin ƙasa da na sama. Mai shagon ta yi dariya har ta riƙe ciki tana cewa a tausaya mata. Fenta ya ciro ɗaya daga cikin jajayen kyandiroransa, ya miƙa daga nesa, don a ga dai ba abin banza ya saya ba.

"Ki dubi ƙyallin nan," ya ce. "Ko sabuwar mota albarka."

Ta karɓa da yatsu biyu. Ta ɗauki ƙaramar wuƙa ta kankare samansa, ta miƙa wa Anti Nas. "Shinshina sama." Anti Nas ta yi atishawa. Ta juya gindin ta huda shi. "Shinshina nan."

"Ba komai. Kamar roba."

"To kin ji. Turaren a sama kawai aka shafa, ciki fanko ne. Na kirki tun yana narke ake gauraya shi, duk inda ka huda ƙamshin ɗaya ne."

"Au," in ji Fenta daga bakin ƙofa, "an yi fenti a kan tsatsa ke nan."

"Kai ka san wannan. Dubi kuma yadda yake gumi, mai na tsattsafowa. Ga lagwanin ya koma gefe kamar an yi masa kashedi, kuma da waya a cikinsa. Wannan ko a kyauta aka ba ka ka ce ka gode, ka bar shi a wurin."

Anti Nas ta riga ta shige cikin kantoci. Ta dawo rungume da wani babba mai launin hoda, fuskarta fal murna. "Ga shi nan. Wardi. Wannan ko a hawa na ƙasa za a ji shi."

Ta cire murfin. Mai shagon ta kau da kai, ta danna lemon tsami a hanci, ta yi ta kaɗa hannu sai da aka rufe.

"Anti, mayar da matar za a yi ko dawo da ita? Wannan mai kyau ne, amma na masu lafiyar hanci ne. Kuma ba a tura hanci cikin kofin, murfin ake shinshinawa, a nan ƙamshin gaskiya yake taruwa. In ya mare ki tun ba a kunna ba, in an kunna duka zai yi."

"Ni dai ya yi mini," in ji Anti Nas, ta ɓata rai. "Shekaru ina shaƙar maganin wanke asibiti, sai abu ya yi ƙarfi nake jinsa."

Fenta ya dubi agogon shagon, rana ta fara karkata. Hanci biyu a gabansa, ɗaya ya yi kaifi da yawa, ɗaya ya dushe, nasa kuma babu.

"Hajiya," ya ce, muryarsa ta sauka, "ni ba na jin komai. Ko wannan lemon na hannunki ban san yana da ƙamshi ba sai da na ga kina shinshinawa. In matar nan ta koma yau, ban san ranar dawowarta ba. Ki ara mini hancinki."

Mai shagon ta daina dariya. Ta sunkuya da ƙyar, ta ciro wani ɗan ƙaramin kofi daga ƙarƙashin kanta. Fari ne fat, ba ƙyalli, ba ado, an ɗan ƙona shi.

"Duk shagon nan, tun da na samu cikin nan, wannan kaɗai nake iya kunnawa. Ɗan lemon tsami ne da ganyen shayi, sama-sama. Akwai sabo irinsa."

Fenta ya leƙo. "Ba shi da kala."

"Kala za ta shaƙa?"

"Ko ɗan sheƙi babu. Kamar ba a gama aikin ba."

"To zo ka ga naka gwajin, na masu ido. Daga nan dai, kada ka matso."

Ta datse lagwanin da almakashi ya koma ɗan guntu, ta kunna. Ta kunna jan nasa a gefe. Ta ɗauko farar tasa ta riƙe saman jan kyandirin, kafin ka ce me ta yi baƙi. Ta goge, ta riƙe saman farin. Ta daɗe, ta juyo masa da ita. Tas. Wutar tana tsaye cak, ba rawa, ba hayaƙi.

Fenta ya saki baki. Wannan yaren ya gane shi. Ya sa aka jera masa sababbi guda uku a bakin kanta, ya durƙusa ya rufe ido ɗaya kamar mai duba layin ƙofar mota, ya zaɓi wanda lagwaninsa ya fi tsayawa a tsakiya.

"A ba ni irinsa goma."

"Ɗaya."

"Hajiya, shafi ɗaya…"

"Ɗaya, Malam! Ɗaki ɗaya, ƙamshi ɗaya. Ka bar taga a ɗan buɗe. Ka kunna da wuri, ka bar shi sai duk samansa ya narke har gefe. Kuma ka ji da kyau, kyandir ba ya ɓoye wari. In ka kunna shi a kan wari, warin ne zai sa turare ya fito. Sai ka fitar da mai warin tukuna."

"Gwangwanayen? Yanzu zan kwashe."

"Da rigar nan. Da takalman nan. Da kai ma, in da hali."

Abin da ya biyo baya gudu ne. Gwangwanaye da jarkar tina suka koma ɗakin mai gadi, yana ta ƙunƙuni. Aka cire labule, aka wanke ƙasa, aka juya katifa. Motar shara na wucewa Anti Nas ta ƙulle rigar aikin Fenta da takalmansa da jajayen kyandirori a leda, ta wurga daga taga. Fenta ya bi motar da kallo. Rigar nan ta fi aurensa daɗewa, duk motar da ya taɓa fesawa ta bar ɗigonta a jiki.

Ya shiga wanka. Ya fito, Anti Nas ta shinshina ta ce ya koma. Ya sake fitowa, ta ce ita dai ba ta jin komai, amma ya koma saboda Umma.

Silin ne ya gagara. Ya sa tsumma ya goga, baƙin ya ƙara faɗi. Hannunsa ya yi ta ƙaiƙayi, idonsa na komawa ƙofa, yana tuna farin fentin da ke ɗakin mai gadi.

"Ko ɗan shafi ɗaya, Anti, siriri…"

"Hanci surukarka ta ce za ta sa, ba ido ba. Kai dai kada ka bari ta ɗaga kai."

Ya datse lagwani, ya kunna, ya ajiye ɗan kofin a tsakiyar tebur. Falon nan duka, kyandir ɗaya tal. A idonsa abin ya yi kama da rowa. Ya zauna ya zuba masa ido har samansa ya narke ya kai gefe, sannan aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Umma ce a gaba, jaka a hammata, tabarau a karan hanci. Gimbiya na baya a matattakala, cikin ya fito sosai, tana satar kallonsa. Fenta ya zube ƙasa ya kwashi gaisuwa, ya kuma ƙi tashi. Duk inda Umma ta nufa yana biye da ita a durƙushe, yana tambayar lafiyar ƙafarta, yana nuna mata yadda aka wanke tayil, don dai idonta ya zauna a ƙasa.

"Yau kuma ladabin ya yi yawa," in ji Umma. "Tashi mana."

"A'a, Umma, nan ma ya isa."

Ta ja numfashi a falo. Ta shiga ɗaki ta buɗe kwaba ta ja. Ta shinshina labule, ta shinshina filo. Ta dafa gado ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashinsa, ta daɗe a can. Ta dawo falo ta tsaya kan ɗan kyandirin, ta kaɗo iskarsa da tafin hannu zuwa hancinta.

"Wa ya zaɓa maka wannan?"

"Ni na zaɓi lagwanin, Umma."

Anti Nas, da ke tsaye a bakin ƙofa kamar wucewa ta zo yi, ta yi tari.

"Hm," in ji Umma. Ta zauna a kujera ta ajiye jaka, ta yafito 'yarta. "Ke, shigo. A dafa mini shayi kafin na tafi."

Kafin na tafi. Ba kafin mu tafi ba. Fenta ya ji kamar ya rungume kyandirin.

Ya ruga kicin ya ɗora ruwa. Gimbiya ta biyo shi ta turo ƙofa. Ya juyo yana washe baki, yana jiran yabo. Sai ya ga tana ta waige-waige, tana buɗe hanci.

"Ina rigar aikinka?" ta ce ƙasa-ƙasa.

"Na jefar! Har takalman. Motar shara ta tafi da su. Ba za ki sake jin warin nan ba har abada, Gimbiyata."

Idanunta suka ciko da ƙwalla.

"Lafiya? Kyandirin ne? In kashe?"

"Kyandirin lafiyarsa ƙalau." Ta share ido da bakin mayafi. "Tun da cikin nan ya tsufa abin ya juye. Ba abin da nake marmari sai warin rigar nan. Ko barci ba na iyawa. Shekaranjiya har bin wata sabuwar mota na yi a titi ina shinshinawa, mai motar ya zaci sata zan yi. Don shi fa na matsa wa Umma mu dawo."

Fenta ya jingina da firiji.

"Don shi?"

"Da kai ma, mana."

"Me ya hana ki faɗa mini a waya?"

"Umma na kusa. In ta ji, cewa za ta yi zai cutar da jaririn, ta ƙulle ni a ɗaki." Ta matso ta shinshina wuyansa. "Sabulu." Ta kama hannunsa ta shinshina. "Sabulu. Kai, wane mugun ne ya sa ka wannan wankan?" Ta juya kansa gefe, ta leƙa bayan kunnensa. Can ta tarar da ɗan ɗigon shuɗin fenti da ya tsere wa soso. Ta kafa hanci a wurin, ta lumshe ido, ta sauke ajiyar zuciya mai tsawo.

"Kada ka wanke nan," ta ce.

Ya kai wa Umma shayi da hannu biyu. Ta kurɓa, ta gyara zama, har ta fara ba Anti Nas labarin yadda surukan zamani sai an matsa musu suke hankali. Jakar Gimbiya ta shige ɗaki. Kyandirin na ci a natse.

Sai aka buga ƙofa da ƙarfi.

Fenta ya buɗe. Wani dogon mutum ne da bai taɓa gani ba, tsani a kafaɗa, buroshi a aljihu, a hannunsa babban bokitin fenti, a buɗe, da sandar juyawa a ciki.

"Salamu alaikum. Nan ne aka yi hayaƙi da safe? Mai gidan haya ne ya turo ni. Ya ce silin ya yi baƙi, a shafe shi yau-yau, kada a kwana."

Anti Nas ta dafe kai. Umma ta ajiye kofin shayi, ta gyara tabarau, ta fara ɗaga kai sama a hankali. Daga ƙofar kicin Gimbiya ta leƙo, ta ja dogon numfashi, fuskarta ta washe.

"Sannu da zuwa, Malam," ta ce. "Shigo mana."

Fenta ya tsaya a tsakiya, hannu a kan ƙofa. Ya leƙa cikin bokitin. Ko daga nan ya ga an cika wa fentin tina.